Teburin da Ya Cinye Ɗakin Cin Abinci

A wani dogon bene mai gidajen haya sama da ƙasa, akwai wani malamin koyar da tuƙi da maƙwabta suka daɗe da manta sunansa na gaskiya. Kowa Ido-Mudu yake ce masa. Dalili kuwa, duk sanda wani ya ce "ido ba mudu ba ne," sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Idon wasu ke nan. Nawa mudu ne, har da gyara."

Da wannan idon ya sayo labulen da ya tsaya a rabin taga. Da shi ya sayo wa matarsa takalmin da sai ta cusa auduga a gaba kafin ta taka. Amma a wurinsa bai taɓa kuskure ba: taga ce ta cika tsayi, ƙafar Madam ce ta motse.

Madam tela ce, kekenta na kusurwar falo. Tana da wani yaya, ɗan kwangila, mutum mai tumbi da murya, wanda in ya yi gyaran murya a ƙasa ana ji a sama. Wata rana Yaya ya kawo ziyara, aka zubo masa abinci. Ɗan teburin katakon gidan na rawa kamar haƙorin tsoho, ga yadudduka jibge a kai, don haka sai ya ɗora farantin a gwiwa. Ya ci, ya suɗe, ya sha ruwa, sannan ya dubi Ido-Mudu ya ce, "Allah sarki. Gidan ƙanwata ko wurin ajiye faranti babu. Ba don Allah ya ba ni gwiwa ba, da a hannu zan ci."

Ya faɗa ya yi dariya ya tafi abinsa. Yana fita, Ido-Mudu ya juyo wajen Madam.

"Kin ji abin da yayanki ya ce?"

"Wasa yake, Malam. Ba ka san Yaya ba?"

"To ni ba na wasa. Asabar mai zuwa zai ci abinci a gidan nan a kan teburin mabul. Dutse, ba katako ba! Wanda in ya duba zai ga tumbinsa a ciki. Kuma sai ya janye maganar nan da bakinsa."

Madam ta waiga ta dubi ɗakin cin abincin nasu. Ɗaki dai sunansa ɗaki, amma ɗan lungu ne da ake shiga daga falo ta wata kafa marar ƙyaure. Taga na can ƙarshe, ƙofar kicin na hagu, ita kuma in an buɗe ta cikin lungun take shigowa.

"Ga tef ɗina can a kan keke," in ji ta. "Ka auna."

"Tef ɗin auna ƙugun mata? Ni da nake cusa mota tsakanin motoci biyu, iska ma ba ta wucewa?"

"Ban da ranar da ka kwashe madubin motar maƙwabcinmu Mai Kemis."

"Shi ya ajiye motarsa a karkace."

Amma da ta shiga wanka, sai ya ga ba laifi ido ya sami ɗan shaida. Ya laluba kwandon ɗinkinta ya zaro wata farar igiya mai laushi. Ya shimfiɗa ta a ƙasa daga bango zuwa bango ya ƙulla alama, ya sake shimfiɗawa daga taga zuwa bakin falo ya yanke. Ya naɗe ya sa aljihu yana murmushi. Igiyar nan ba komai ba ce face robar da Madam ke sa wa ƙugun wando.

A shagon kayan ɗaki, mai shago ya fara nuna masa wani ɗan zagayayyen tebur mai ƙafa ɗaya.

"In ɗakin ƙarami ne, ranka ya daɗe, wannan ake ɗauka. Ba kusurwa, ba bugun cinya."

"Wa ya ce maka ɗakina ƙarami ne?"

"Ban ce ba."

"Wannan ai faifai ne. Tebur nake nema."

Sai idonsa ya faɗa kan wani can ciki: fari tas, da jijiyoyi ruwan toka suna ratsa shi kamar walƙiya, dogo, mai faɗi, irin wanda ake zama a kai a raba ƙasa. Ido-Mudu ya shafa shi, sanyi ya ratsa tafinsa har ƙwaƙwalwa. A take ya hango Yaya zaune a kai, baki buɗe.

"Riƙe min nan," ya ce, ya miƙa wa mai shago bakin igiya.

Igiya ta tsaya a wajen tsakiyar tebur. Ido-Mudu ya ɗaure fuska, ya ɗan ja. Ta biyo shi. Ya ƙara ja, ta ƙara biyowa. Ya ja har ta kai ƙarshe, ta yi siririya tana rawa.

"Ka gani? Cif! Har da ragowa."

Mai shago ya dubi igiya, ya dubi Ido-Mudu, ya dubi teburin da ya shekara yana tare masa hanya, ya ce, "Wallahi tun da nake ban taɓa ganin awon da ya yi biyayya irin wannan ba."

Da safiyar Asabar, tun motar kaya ba ta iso ba, Ido-Mudu ya sauko da tsohon teburin katako a ka. A gindin matakala akwai wani tsohon ma'aikaci da ake kira Ɗan Fansho, wanda aikinsa yanzu zama da rediyo da sa baki a sha'anin kowa.

"Baba, ga kyauta. Ka riƙa ɗora rediyonka."

"Kai fa? A kan me za ka ci?"

"Yau za ka ga abin da ake kira tebur. Wannan benci ne ya yi girman kai."

"To, kyauta dai ba ta komawa gida, ka sani."

"Ko ta zo ba ta da wurin zama."

Wannan ita ce gaskiya ɗaya tilo da ya faɗa a ranar.

Mota ba ta iso ba sai da rana ta ɗaga sosai, ƙamshin kazar Madam ya riga ya cika bene. Masu dako suka sauke ƙafafun tebur, suka haura da su salin-alin, har da kujeru. Sannan aka zo kan dutsen kansa. Suka ɗaga shi a tsaye kamar ƙyaure, suna nishi, Ido-Mudu na gaba yana tafiya da baya yana ba da hannu irin na wurin aiki.

"Taho, taho, taho. Karya dama. Na ce dama! Taka birki!"

"Oga, ba mota ba ce," in ji babban masu dakon. "Ba shi da birki sai ƙafarka."

A kwanar matakala dutse ya cije. Gaba bango, baya ƙarfen da masu hawa ke dafawa. Ya tsaya ƙiƙam ya raba benen biyu: na sama ba sauka, na ƙasa ba hawa. Mai Kemis, wanda ke zaune a hawan sama da su, ya fito zai tafi shago ya tarar da farin dutse a gabansa.

"Ido-Mudu! An rufe hanya ne? Wa ya rasu ake masa gini a matakala?"

"Tebur ne, ɗan hassada."

"To ka ce wa teburin ina da masu jira."

Daga ƙasa Ɗan Fansho ya rage rediyo ya ɗaga murya. "Ku kwantar da shi!"

Daga sama Mai Kemis ya ce, "Ku ɗaga gindin!"

Wata gwaggo mai shanya a baranda ta leƙo ta ce, "Ku shafa masa sabulu mana. Haka muka yi da firjin 'yata."

"Ya wuce?"

"Ya wuce har ƙasa. Bai ƙara sanyi ba dai."

"Kowa ya yi shiru!" Ido-Mudu ya daka tsawa. "Ni na auna abin nan. Matakalar ce magina suka cuce ta."

Aka kwantar, aka ɗaga, aka juya, aka ambaci sunan Allah. Can dai dutse ya zame ya wuce, ya tafi da fentin bango da ƙwan fitilar matakala. Ido-Mudu ya share gumi ya ce, "Da ma fitilar ta tsufa."

A bakin gidansa kuma ƙofa ta ce ba da ita ba. Tsayin dutsen ya shige, amma ƙyauren ya hana a karya kwana.

"A cire ƙyauren."

"Malam!" Madam ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ƙofar gidan za ka cire?"

"Na ɗan lokaci ne. Koma ki kula da kaza, wannan aikin maza ne. Rufe ƙofar kicin kada ƙura ta shiga."

Ta koma ta rufe. Aka kwance ƙyauren gida aka jingine shi a waje. Aka shigar da dutse a tsaye ta falo, aka ratsa da shi cikin lungu. Ido-Mudu ya sa aka fara kai kujera mai hannu can ƙarshe, gindin taga.

"Nan Yaya zai zauna. Kujerar girma."

Sannan aka kwantar da dutse a hankali kan ƙafafunsa. Yana sauka, ɗakin cin abinci ya ɓace. Ba ƙasa, ba lungu, sai mabul daga nan har can, kamar an zuba madara ta daskare. Gefen hagu ya tokare ƙofar kicin. Gefen dama ya bar wata 'yar siririyar hanya da ko kyanwa sai ta yi shawara. Ɗaya daga cikin masu dakon ya waiga ya ga kansa a maƙale ta wajen taga; sai da ya cire takalmi ya tako ta kan tebur ya fito.

"Oga, sauran kujerun fa?"

"Ku bar su a falo. Yanzu ba a cika tebur da kujeru. Ƙauyanci ne."

Masu dako suka yi sallama da sauri irin na wanda ya ga hadari. Ido-Mudu ya ja da baya ya riƙe ƙugu. Kai, abin ya yi kyau! Hasken taga na sauka a kai yana tarwatsewa. Yana cikin kallo sai ya ji ƙwas, ƙwas. Ƙofar kicin ce ke bugun dutse. Ta buɗu kamar faɗin tafin hannu ta tsaya. Ido ɗaya na Madam ya bayyana a tsagar.

"Malam, mene ne wannan?"

"Tebur."

"Na ga tebur. Ni ta ina zan fito?"

"To ina za ki? Ba girki kike ba?"

"Na gama!"

"Sai ki huta. Kullum kina cewa ba kya samun hutu."

Ya sa kafaɗa ya tura dutsen. Ko gezau. Ya sake turawa har jijiyar wuyansa ta tashi, sai ga gyaran murya daga ƙasan bene, irin wanda mutum ɗaya ne ke da shi a duniya.

Yaya ya hauro yana haki cikin fararen kaya masu guga, ya tsaya yana kallon ƙyauren da ke jingine a waje.

"Ɓarayi ne suka shigo?"

"Iska muke sha, Yaya. Sannu da zuwa. Bismillah, shigo ka ga wani abu."

Yaya ya shigo, ya ga tebur, ya yi turus. Bakinsa ya buɗe daidai yadda Ido-Mudu ya hango a shago. Daɗi ya kama Ido-Mudu har kunne.

"Mabul ne, Yaya. Taɓa ka ji. Ba ya jin zafi, ba ya jin ruwa, jikokinmu ma za su ci a kai."

"Ina ƙanwata?"

"Ina nan, Yaya," in ji tsagar ƙofa. "Ina wuni?"

"Lafiya... Me kike yi a rami?"

"Tsarin zamani ne," Ido-Mudu ya tare. "Mai girki na ciki, abinci na fitowa da zafinsa. Ga kujerarka can, ta girma."

Yaya ya hangi kujera can gindin taga kamar tsibiri. "Ta ina ake zuwa? Jirgi ake hawa?"

"Ga hanya ta dama. Idona ya auna ka tun kana matakala. Za ka wuce har da ragowa."

Yaya mutum ne da ba ya son a ce abu ya gagare shi. Ya ja numfashi, ya haɗiye tumbi, ya shiga a karkace, bayansa na gogar bango. Taku kaɗan-kaɗan, fuska ta yi jawur, har ya isa, ya zame cikin kujera. Sannan ya saki numfashi. Tumbin ya dawo mazauninsa, ya hau kan mabul ya kwanta. Daga ƙirji zuwa ƙasa, Yaya ya ɓace.

"Ka ga zama!" in ji Ido-Mudu. "Madam, abinci!"

Faranti ya ƙi fita ta tsaga a kwance. Sai da Madam ta karkata shi, rabin shinkafar ta riga farantin isowa. Ido-Mudu ya tattara da cokali. Miyar kaza kuwa a ƙaramin kwano ta samu ta fito. Saura kai wa Yaya, wanda ke can inda hannu ba ya kaiwa.

"Yanzu za ka ga amfanin dutse, Yaya. Katako ba ya wannan. Dubi santsi."

Ya ajiye kwanon miya a kan mabul, ya rufe ido ɗaya, ya auna, ya tura da yatsu biyu.

Santsi kam akwai shi. Kwano ya tafi shuuu kamar ɗalibin da ya manta inda birki yake, ya wuce tsakiya, ya ƙara wuta, ya daki tumbin Yaya ya yi tsalle. Miya ta wanke farar riga daga wuya har inda ido ke gani, sauran ta gangara inda ido ba ya gani. Cinyar kaza ta sauka a aljihun gaba ta zauna.

"Wayyo! Zafi! Ku fitar da ni!"

Yaya ya yunƙura zai miƙe, gwiwa ta daki dutse, bayan kujera ya daki bango. Madam na dukan ƙofa tana kiran "Yaya! Yaya!" Gida kuma ba ƙyaure. Kafin ka ce kwabo falo ya cika: Mai Kemis, gwaggo mai shanya, Ɗan Fansho da rediyonsa a hammata, da wasu da ba a ma san a benen suke ba.

"Ba abin da ya faru," in ji Ido-Mudu. "Liyafa muke."

"Wannan baƙon naka ci yake ko cin sa ake?" in ji Mai Kemis.

"Ku fara fito da matar mutane," in ji gwaggo. "Tun ɗazu take kira."

"Abin da zan ce ke nan. Maza, ku kama! In na ce tura, ku tura dama. Ni nake ba da hannu."

Aka taru aka tura. Dutse ya yi ƙara ya matsa, ya manne da bangon dama. Ƙofar kicin ta buɗu, Madam ta rarrafo ta ƙarƙashi ta fito, ɗankwali a karkace. Aka yi tafi. Ido-Mudu ya ɗaga hannu yana karɓar gaisuwa.

"Kai!" Muryar Yaya ta girgiza taga. "Hanyar da na shigo fa?"

Kowa ya duba dama. Babu hanya. An rufe ta ruf.

"A shafa masa sabulu," in ji gwaggo.

"Ba sai an shafa ba," in ji Ɗan Fansho. "Ai ya sha mai."

Haka aka yi. Mai Kemis da Ido-Mudu suka hau tebur da rarrafe, kowa ya kama hannu ɗaya, na falo suka riƙe ƙafafunsu. Aka ja. Yaya ya haɗiye tumbi, ya yi salati, ya fito ɓul kamar murfin kwalba. Wani abu ya ce ɗas a ƙugunsa, amma ba wanda ya tsaya tambaya, don santsin ya riga ya karɓe su. Su uku suka taho a kan mabul, Yaya a tsakiya a kife, suka zubo falo a kan gwaggo.

Da Yaya ya miƙe, sai wandonsa ya ƙi miƙewa tare da shi. Zariya ta tsinke. Ya cafke shi da hannu biyu, Madam ta yi maza ta jefa masa wani yadin atamfa na masu ɗinki, ya ɗaura. Ɗan kwangila guda, cikin atamfa mai furanni, da cinyar kaza a aljihu.

"Kawo wandon, Yaya, yanzu zan sa masa roba." Ta zauna a keke tana tona kwando. "Ikon Allah. Ina robar nan tawa fara? Tun kwanaki nake nema."

Ido-Mudu ya ji wani abu ya yi masa nauyi a aljihu. Ya so ya yi shiru, amma bakinsa bai saba ba.

"In igiyar awona kike nufi, ga ta. Da ita na auna ɗakin, da ita na auna tebur. Cif suka zo."

Madam ta karɓa, ta riƙe baki ɗaya, ta miƙa wa Mai Kemis ɗayan. Mai Kemis ya fara ja da baya. Ya wuce kujeru, ya wuce inda ƙyaure yake a da, ya fita waje, muryarsa ta dawo daga matakala: "In ci gaba? Da wannan awon ai har motata za ta shiga ɗakin!"

Dariya ta fashe. Gwaggo ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Ɗan Fansho ya kashe rediyo, ya ce yau ba labarin da ya kai wannan. Yaya ya cije, ya cije, tumbin ya fara rawa da kansa, sai ga shi yana dariya har yana riƙe atamfa.

Madam ta kwaso sauran abinci ta ƙarƙashin tebur, aka zuba wa kowa. Ɗan Fansho ya ce, "In kawo muku aron teburina na katako? Aro fa na ce."

"Kada wanda ya ƙara kawo tebur kusa da ni," in ji Yaya. Ya zauna a kujerar falo, ya ɗora faranti a gwiwa, ya shafa ta kamar ɗan da ya ɓata aka gano. "Wancan zuwan na raina gwiwa. Yau da na neme ta na rasa, na san darajarta. Suruki, maganar da na yi rannan na janye ta. Na janye har ga Allah. Gidan ƙanwata akwai wurin ajiye faranti. Wurin ajiye mutum ne babu."

Ido-Mudu ya miƙe tsaye, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Kun dai ji da kunnenku. Ya janye. Na ce zai janye ko ban ce ba?"

Madam kuwa ta koma kan kekenta. Tana ta hangen dutsen, faɗinsa da santsinsa, tana lissafin yadda almakashi zai gudu a kai. Tun daga ranar kuwa a can take yankan yadi, a zaune a tsakiyarsa, kicin kuma ta ƙarƙashi ake shiga.

A ranar dai, ta cije zare ta miƙa wa Yaya wandonsa. Ya shiga ɗaki ya sa ya fito yana jan ƙugun yana saki.

"Kai, wannan roba ta zauna daidai. Kamar an auna."

Ido-Mudu ya ɗaga yatsa, bakinsa cike da shinkafa.

"An auna mana. Wa kake tsammani ya yanke ta?"